Ina da ciki wata biyar: in yi allurar rigakafin mura ko in ƙyale?

Wata 'yar'uwa daga Marwa ta rubuto cewa tana da ciki wata biyar, haihuwa ta uku ke nan in Allah ya sauke ta lafiya. Yayarta da ke aure a Faransa ta dame ta a waya kan ta je ta yi allurar rigakafin mura, wai can ana yi wa masu ciki kyauta. Ita kuwa a wurin awo ba wanda ya taɓa ambata mata wannan allura, ta tetanus kaɗai ta sani. Uwar mijinta ta ce ciki ba ya son yawan allura, kuma mura ai ba ciwo ba ce da za a kashe mata kuɗi. Tana so ta san ko allurar za ta taɓa abin da ke cikinta, da kuma ko ta kai a wahala wajen nemanta.

Ƙanwata, Allah ya raba lafiya. Allurar ba ta cutar da ciki, ko a watan farko aka yi ta ko a na tara. Idan kin same ta a wurin da aka adana ta yadda ya kamata, kuɗinta kuma bai fito daga kuɗin awo ko tanadin haihuwa ba, shawarata ki yi. Ki riƙe waɗannan sharuɗɗa biyu da kyau, don su ne suka bambanta amsata da shawarar da yayarki ta ba ki. Ni likitar mata ce a nan Arewacin Kamaru, kuma abin da ya fi kashe mana masu ciki daban yake da abin da ke damun Faransa.

Hajiya, uwar mijinki, tana da rabin gaskiya. Yawancin abin da muke kira mura, yoyon hanci da atishawa da ɗan kaikayin maƙogwaro idan iskar hunturu ta taso da ƙura, ƙwayoyin cuta ne iri-iri, sun fi ɗari, ke kawo shi. Cikin mako guda yake wucewa ko an sha magani ko ba a sha ba, kuma allurar da ake magana ba ta hana shi. Wadda allurar ke tarewa ita ce infuluwenza, wadda ma'aikatan asibiti ke rubuta miki a karne, wato katin asibiti, da sunan grippe. Ita ba ta sallama. Da safe kina shara lafiya lau, kafin la'asar zazzaɓi ya rufe ki, kai na sara, kowace gaɓa na ciwo, ga busasshen tari, ga kasalar da ko buta ba kya iya ɗauka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a kowace shekara mutum miliyan 3 zuwa 5 ne take kwantarwa da tsanani, tsakanin 290,000 da 650,000 kuma su mutu ta hanyar ciwon numfashi.

A nan ba mu cika ganin ta da sunanta ba, saboda duk zazzaɓin da ya zo da ciwon jiki palu muke ce masa, a sha maganin maleriya, in an warke a ce ya yi aiki. Amma tana nan. Centre Pasteur da ke Yawunde shi ke sa ido kan wannan cuta a Kamaru, yana da reshe a Garwa, kuma majinar da ake ɗiba daga hancin marasa lafiya ana aunawa ta nuna ƙwayar tana yawo a cikinmu kamar ko'ina.

Abin da ya sa aka ware masu ciki a jikinki yake. Yayin da mahaifa ke girma tana tura tantanin da ke ƙarƙashin huhu sama, har kusan santimita 4, sai iskar da ke saura a huhu bayan an fitar da numfashi ta ragu. A daidai wannan lokacin jikinki na neman iskar oksijin fiye da da, kimanin kashi 20 cikin ɗari. Jinin jikinki ya ƙaru da kashi 40 zuwa 50, zuciya na bugawa da sauri don ta tura shi. Garkuwar jiki ma ta sauya salo don kada ta yaƙi ɗan da ke kwance. Shi ya sa kike haki idan kin ɗan hau tudu, alhali lafiyarki ƙalau. To ki ɗora ciwon huhu a kan wannan. Cutar da za ta kwantar da maigida kwana huɗu ya miƙe ya koma kasuwa, ke tana iya sauka miki a ƙirji. Haɗarin ya fi yawa a watanni uku na ƙarshe da kuma makonni biyu na farkon jego. A annobar murar H1N1 ta 2009, masu ciki a Amurka kusan kashi 1 cikin ɗari ne na jama'a, amma su ne kimanin kashi 5 na waɗanda suka mutu.

Wanda ya taɓa ganin mai ciki wata takwas da ciwon huhu ba ya mantawa. Ba ta iya kwanciya. Za ki same ta zaune a bakin gado, ta dafa ƙarfen gadon da hannu biyu, kafaɗu na ɗagawa da kowane numfashi, in kika tambaye ta sunanta sai ta raba shi biyu ta huta a tsakani. Abin da take buƙata iskar oksijin ce, na'urar da ke tace iskar kuwa da wutar lantarki take aiki, kin kuma san halin wuta a garuruwanmu. Idan abin ya wuce nan ya kai ga na'urar da ke yi wa mutum numfashi, tsakaninta da ita na iya zama tafiyar yini a mota. Mutane kan ce allurar mura ta ƙasashen sanyi ce, masu kuɗi. Ni ina ganin inda gadon ceto ya yi ƙaranci nan ne hana ciwon ya fi daraja.

Ɗan cikin ma yana shan nasa rabon. Zazzaɓi mai zafi a makonnin farko, lokacin da ake halittar ƙwaƙwalwa da laka, yana ƙara yiwuwar tawaya a waɗannan sassa. Ke kin wuce wannan matakin. Abin da ya rage a gabanki shi ne, idan uwa ta kwanta sosai, naƙuda kan taso kafin lokaci, ko a haifi yaro ƙarami, wani lokacin ma ya koma a ciki.

Amma babban dalilin da ya sa nake cewa ki yi, jaririn ne bayan ya fito. Ba a yi wa yaro allurar infuluwenza sai ya cika wata shida, ga shi kuma a waɗannan watannin ne cutar ta fi yi wa yara illa. Idan aka yi miki, cikin mako biyu jikinki zai haɗa sinadaran kariya, su bi ta mabiyiya su shiga jinin ɗan, mafi yawa a watannin ƙarshe na ciki. Guzuri ne kike ɗaura masa kafin tafiya: zai ci daga ciki wata huɗu ko biyar, yana raguwa a hankali, har ya kai lokacin da jikinsa zai fara tsayawa da kansa. Nono ma yana ƙara masa wani abu.

An gwada wannan, kuma a kan mata irinmu. A Bamako ta Mali, mata 4,193 da ke watannin ƙarshe na ciki suka shiga wani bincike da aka wallafa a 2016. Aka raba su biyu ta hanyar ƙuri'a, rabi aka yi musu allurar infuluwenza, rabi ta sanƙarau, sannan aka bi jariransu ana aunawa duk sa'ad da suka yi zazzaɓi. A watanni huɗu na farko, kamuwa da infuluwenza ta ragu da kusan kashi 68 cikin ɗari a 'ya'yan waɗanda aka yi wa allurar. Daga wata na biyar kariyar ta soma ja da baya, har idan aka haɗa watanni shidan gaba ɗaya ragin ya tsaya wajen kashi 33. A Soweto ta Afirka ta Kudu, binciken da ya fito a 2014 ya sami ragin kusan rabi, ga iyaye da jarirai duka. Tun kafin su, na Bangaladesh a 2008 ya sami kashi 63 ga jarirai. Wani kuma da ya tattara bayanan asibitoci a Amurka, Kanada, Ostareliya da Isra'ila daga 2010 zuwa 2016 ya nuna allurar ta rage kwantar da masu ciki saboda infuluwenza da kashi 40.

Na kawo miki lambobin yadda suke, har da mai rauni, don kada wani ya sayar miki da abin fiye da ƙimarsa. Wannan allura ba ta kai ta tetanus ko ta ƙyanda ƙarfi ba. Rabi take yi, wata shekarar fiye, wata shekarar ƙasa, gwargwadon yadda ƙwayar da aka saka a ciki ta dace da wadda ke yawo. Za ki iya yin ta ki yi mura, ko da ma infuluwenzar kanta, sai dai sau da yawa da sauƙi. Amma rabin haɗari ga jaririn da bai kai wata huɗu ba, a garin da gadon jarirai a asibiti ke cika, abu ne da nake so wa 'yata.

Sai maganar tsoro. Allurar da ake yi a dantse ba ta ɗauke da ƙwayar cuta mai rai. An kashe ta, an farfasa, ɓawonta kawai aka ɗebo don jiki ya gane kamanninta. Ba ta iya haifuwa a jikinki, ba ta iya ba ki infuluwenza, balle ta kai wa ɗan. Abin da yawanci ke biyo baya shi ne hannu ya yi tsami kwana ɗaya ko biyu, wasu su ji ɗan zafin jiki ko kasala, farasitamol ya isa. Jiki ya ƙi ta da tsanani har numfashi ya toshe, kusan mutum ɗaya ne cikin miliyan, kuma cikin mintoci yake faruwa, shi ya sa ake cewa ki zauna minti 15 kafin ki tafi. Amurka ta fara ba masu ciki shawarar yin ta tun 1960, daga 2004 ta ce a kowane wata na ciki. Miliyoyin mata sun yi ana bin sawu, ba a ga ta ƙara tawayar halitta ko haihuwar bakwaini ko mutuwar ɗa a ciki ba. Akwai wani nau'in da ake fesawa a hanci, Fluenz ko FluMist, wanda ƙwayar cikinsa na da rai amma an raunana ta. Wannan ba na masu ciki ba ne, in an miƙo miki shi ki ce a'a.

Idan kika shiga intanet za ki iya cin karo da maganar ɓari, gara ki ji ta daga bakina. A 2017 wani ƙaramin bincike a Amurka ya ga kamar ɓari ya fi yawa cikin kwana 28 bayan allurar, a matan da suka yi ta shekara biyu a jere. Ba a ɓoye shi ba, an wallafa, sannan masu binciken suka sake aikin da mata da yawa a wasu shekaru uku. Sakamakon ya fito a 2019, ba a sami wata alaƙa ba. Abin da ke rikita mutane shi ne ɓari abu ne mai yawa da ma, cikin ciki goma da aka sani ɗaya ko biyu kan zube, galibi a watanni uku na farko. Idan mata dubu suka yi allura a wannan lokacin, dole wasu su yi ɓarin da za su yi ko ba allura, kuma babu uwar da za ta ƙi haɗa biyun a ranta. Saboda haka ne, idan mace mai sabon ciki da ta taɓa ɓari ta ce min hankalinta bai kwanta ba sai ta shiga wata na huɗu, ba na ja da ita, sai fa in cutar na yawo a gari. Ke wannan bai shafe ki ba.

Ban raina shakkar Hajiya ba kuma. Mutanenmu ba haka kawai suka fara gudun allura ba. Kano ba ta manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara a 1996 lokacin annobar sanƙarau, wanda ya kai har kotu. Amma mun ga kuma abin da jita-jita ke haifarwa. A 1990 aka baza a Kamaru cewa allurar tetanus da ake yi wa 'yan mata ta hana haihuwa ce, har 'yan makaranta na dira ta taga suna gudu. Allurar nan ita ce dai wadda aka yi miki a ciki na farko da na biyu, ga ki da na uku. A 2003 wasu jihohin Arewacin Najeriya suka dakatar da ɗigon shan inna kan irin wannan zargi, cutar ta tsallako har Kamaru da Chadi. Babu sinadarin hana haihuwa a allurar infuluwenza.

Ta fuskar addini, wanda ake fesawa a hancin nan shi ne ke ɗauke da sinadarin da aka samo daga alade. Vaxigrip da Influvac, waɗanda ake yi a dantse, babu shi a ciki. Game da azumi kuwa, mafi yawan malaman wannan zamani sun tafi a kan cewa allurar da ba ta abinci ba ce ba ta karya shi, in kuma kina da waswasi ki yi bayan shan ruwa.

Wadda za ta dakata ita ce wadda allurar ta taɓa sa ta kumbura ko numfashinta ya sarƙe. Wadda ta taɓa samun shanyewar jiki da ake kira Guillain-Barré cikin mako shida bayan irin wannan allura, ita ma sai ta zauna da likita tukuna. Mai zazzaɓi a ranar ta bari ta warke. A cikin ƙwan kaji ake renon ƙwayar kafin a kashe ta, amma abin da ke saura na ƙwai kaɗan ne ƙwarai, ko wadda ƙwai ke sa wa borin jini ana yi mata, ta dai faɗa kafin a tsira.

Yanzu ga abin da yayarki ba ta gani daga can. Rashin ambata miki allurar a wurin awo ba sakacin ma'aikata ba ne. Ba ta cikin tsarin rigakafin gwamnati, PEV, a Kamaru, haka ma a Chadi. A 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙasar da za ta fara rigakafin infuluwenza ta sa masu ciki a gaba, amma kowace ƙasa da aljihunta, allurar kuma kowace shekara sai an sake saye. Abin da ke cika mana maƙabarta da masu jego shi ne zubar jini, hawan jini da jijjiga, doguwar naƙuda, ƙwayoyin cuta bayan haihuwa, da maleriya da ƙarancin jinin da take jawowa. Don haka kafin ki fitar da sefa ko ɗaya kan allurar mura, buɗe karnenki ki duba. An yi miki ta tetanus da maƙarau, Td, an rubuta ranar ta gaba? Kina haɗiyar Fansidar a gaban ma'aikaciya kowane wata tun da kika shiga wata na huɗu, aƙalla sau uku kafin haihuwa? Maganin ƙarin jini fa, kina sha kullum ko yana cikin kwalla saboda yana tayar miki da zuciya? Kina kwana a gidan sauro, har daren da zafi ya kore ku tsakar gida? An auna hawan jini da fitsari a kowane zuwa? Kin tanadi kuɗin mota na tsakar dare, kin san wanda zai ba ki jini in an nema? Chèque santé, tsarin tallafin masu ciki da aka fara a jihohinmu uku na Arewa a 2015 a kan sefa 6,000, don awo da haihuwa har da tiyata, ya fi allurar mura muhimmanci nesa ba kusa ba. Idan kuɗin ɗaya ne tak, can za ki kai shi, kuma kada ki ji kin yi wa ɗanki laifi.

Akwai matan da wannan lissafi ke sauya musu. Mai asma, mai sikila, mai ciwon zuciya ko ƙoda ko suga, mai ɗauke da ƙwayar HIV, wadda ta yi tibi, wato tarin fuka, huhunta ya raunana, mai ƙiba sosai. Ga waɗannan ba na cewa in an samu hali, cewa nake a nemo. Haka malamar makaranta da ma'aikaciyar asibiti da ke wuni cikin masu tari, da wadda za ta Umara ko Hajji da ciki, don hukumar lafiyar Saudiyya kanta tana ba mahajjata shawarar yin ta. Ke ma kina da yara biyu a gida, in suna zuwa makaranta ko allo, su ne ƙofar da cutar ta fi shigowa ta ciki.

Idan kin yanke za ki yi, wahalar tana wajen samun mai kyau. Ki fara tambayar likita ko ungozomar da ke yi miki awo ta rubuta miki takarda, ki je babban farmasi mai rajista, wataƙila sai sun yi odar ta daga Yawunde ko Duwala. Ta tebur a kasuwa ko ta hannun mai yawo da magani a babur, ko kyauta ce kada ki karɓa. Allurar tana son sanyi tsakanin digiri 2 da 8, zafi na lalata ta, daskarewa ma haka, kuma lalatacciya ba a gane ta da ido. Ki tsaya a fito miki da ita daga firiji a gabanki. Ki tambaya kai tsaye ko suna da janareta ko sola idan an ɗauke wuta, mai kantin kirki ba zai ji haushi ba. Ki juya kwalin: za ki ga shekarar kakar da aka yi ta dominta, galibi shekaru biyu a jere, da ranar ƙarewar aiki. Ƙwayar infuluwenza tana sauyawa kullum, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ke zama sau biyu a shekara, Fabrairu da Satumba, ta zaɓi irin da za a saka, ta bara ba ta wadatar wa bana. Allura mai nau'in ƙwayar uku ko mai huɗu duk ɗaya ne a gare ki. Sirinji ne guda da aka riga aka cika, rabin mililita, sau ɗaya a dantse. Idan ba a farmasin za a yi miki ba, ki je da 'yar kula da ƙanƙara, ki naɗe kwalin a tsumma don kada ya taɓa ƙanƙarar, ki wuce asibiti kai tsaye. Kada ki jefa ta a jaka ki biya kasuwa da gidan biki a zafin Marwa na watan Afrilu. Kada kuma yayarki ta aiko da ita cikin akwatin matafiyi, ta aiko da kuɗin ya fi.

Game da lokaci, mu ba mu da kakar sanyi guda da cutar ke jira kamar Turai, ana ganin ta da damina, ana ganin ta da hunturu. Allurar da ke shigo mana ta Faransa yawanci wajen Oktoba take isowa, ta ƙare aiki wajen tsakiyar shekara mai bi. Don haka dokar a nan mai sauƙi ce: in akwai mai kyau, yi yanzu. Wata biyar zuwa bakwai lokaci ne mai kyau, ya kare ki a watannin da kika fi rauni, ya kuma ba jiki sarari ya kai wa ɗan rabonsa. Ko a wata na tara tana da amfani, sai dai ana so a sami aƙalla mako biyu kafin haihuwa. Ana iya yin ta rana ɗaya da Td, kowace a hannunta.

Ko kin yi ko ba ki yi ba, zazzaɓi da ciki a ƙasarmu maleriya ne sai gwaji ya ce a'a. Ranar da jiki ya yi zafi, ranar za ki je a tsaga yatsa, kada ki zauna kina cewa murar da ke yawo ce. Ki sauke zafin da farasitamol. Asfirin, ibuprofen da diclofenac, da haɗe-haɗen maganin mura na kanti da galibi ba a san abin da ke ciki ba, ki bar su. Amoxicillin da 'yan'uwansa ba sa kashe ƙwayar infuluwenza, sai in likita ya ga wani ciwon ya hau kai. Maganinta na ainihi oseltamivir ne, wanda aka fi sani da Tamiflu, sau biyu a rana kwana biyar, ana ba masu ciki, kuma ya fi aiki idan aka fara cikin awa 48, amma ba kowane kanti ke da shi ba. Numfashi da kyar, ciwon ƙirji, leɓe ya yi duhu, amai ba tsayawa, ruɗewa, jini ko ruwa ta ƙasa, ko ɗan ya rage motsi, ɗaya daga cikinsu ya isa a tashi maigida ko ƙarfe biyun dare ne.

Sannan ranar suna. Yaro ɗan kwana bakwai, ɗaki cike da mata, an rufe taga, ga turaren wuta, ga hayaƙin itacen ruwan wankan jego na shigowa, kowa ta karɓa ta ce tubarkalla ta sumbace shi ta miƙa wa ta kusa. A cikin hannu talatin ɗin nan akwai mai atishawa. Ba na cewa a hana barka. Ki sa gwaggo ko kakar yaron, wadda ba a iya yi wa musu, ta zauna kusa da shi, mai tari ta gan shi daga nesa, mai ɗauka ta wanke hannu, a bar taga a buɗe. Jaririn da bai kai wata biyu ba, in jikinsa ya yi zafi, ko ya ƙi kama nono, ko numfashinsa ya kai 60 a minti, ko ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa ciki idan ya ja iska, asibiti za a nufa da shi nan take, ba a jiran gari ya waye, ba a fara ɗura masa jiƙo.

Hajiya kuwa kada ki je mata da lambobin Bamako, kuma kada maganar ta zama yayarki ta ce, ita ta ce. Ki fara da maigida, ku je awo tare ya ji daga bakin ma'aikaciya, shi ya kai wa mahaifiyarsa. A gaya mata allurar jikanta ce, wadda ba a iya yi masa sai ta jikin uwarsa, irin ta tetanus da ta riga ta sani. Ita ma in ta haura 65 tana cikin waɗanda aka fi so su yi, in da hali ku sayo biyu. Idan kuma kika nema ba ki samu ba har kika haihu, ana yin ta da jego, ba ta hana shayarwa, ba ta ɓata nono.